Muryar Auta a Cikin Akwati

Sufeto na kokawa da wayarsa, wadda ta cika maƙil ta ƙi karɓar ko hoto ɗaya, sai Kofur ya leƙo ya ce ga wani dattijo a kanta ya kafe ba zai yi magana da kowa ba sai babba.

"Me aka sace masa?"

"Faifai, yallaɓai."

"Na rufe ƙwarya?"

"Na kwamfuta."

Sufeto ya buɗe baki zai ja tsaki, ga fayil ɗin fashi a gabansa ko taɓa shi bai yi ba, ga shayinsa ya huce. Amma da dattijon ya shigo, sai ya fasa. Ya sha ganin waɗanda aka ƙwace wa mota da waɗanda aka yashe wa shago tas, bai taɓa ganin wanda sata ta karya kamar wannan ba. Rigarsa a goge take, amma ya saka maɓallan a karkace, idanunsa kuma jawur.

"Zauna, Baba. Me ke tafe da kai?"

"Injiniya ake ce mini, aikin sadarwa na yi har na yi ritaya. Akwai wani akwatin ajiya da na haɗa da hannuna a gida, mai faifai huɗu. Duk hoton da wayoyin gidana suka ɗauka, da bidiyo, da saƙon murya, can suke tafiya da kansu. Jiya na fita, na dawo na tarar an zare faifai ɗaya."

"To, ai sai a sayi wani."

"'Yata tana ciki, Sufeto."

Sannan dattijon ya yi bayani. 'Yarsa ɗaya ce a duniya, Auta suke ce mata, ita ce fari ita ce auta. Bara ta rasu a hatsarin mota. Mijinta ke tuƙi, shi ya tsira da karayar ƙafa, ita aka ɗauko gawarta. Wayoyinsu duka sun ƙone a motar. Tun daga hotonta na jinjira har zuwa saƙon da ta turo masa da safen ranar, babu inda suke sai cikin akwatin nan.

"Idan faifan ya dawo yadda aka ɗauke shi, komai zai dawo," in ji Injiniya. "Idan aka goge shi kuwa, na binne ta sau biyu ke nan."

Sufeto ya ture fayil ɗin fashi gefe, ya ce wa Kofur ya fito da mota.

Ɗakin akwatin ƙarami ne, a ƙarshen baranda. Sufeto ya fara da ƙofa: ba a ɓalle ta ba, makullin lafiya lau. A ciki akwai kujera ɗaya tak, ta lotse a tsakiya saboda zama, tana fuskantar allon kwamfuta. Akwatin kansa ba abin kallo ba ne, gangar jikin tsohuwar kwamfuta ce da fanka biyu da wayoyi an ɗaure su tsaf. A gabansa ramuka huɗu, na ukun wayam.

"Ka yi mini bayani kamar kana yi wa jahili," in ji Sufeto, "don a nan wajen ba ka yi ƙarya ba."

"Kowane hoto, akwatin yanka shi yake yi ya raba wa faifan huɗu. Kamar mutum huɗu ne suka ɗauki tebur. Idan ɗaya ya saki, ukun za su riƙe har a kawo wani. Idan biyu suka saki, tebur ya faɗi."

"Ai ɗaya aka ɗauka."

Injiniya ya matso. Ya kai yatsa ya ɓare wani ɗan baƙin salatif da ke manne a kan rami na farko, ya kunna akwatin. Wata ƙaramar fitila ta kama, ja zur.

"Wannan ya mutu tun kwanakin baya. Ya dame ni da ƙara, na kashe ƙarar, na rufe fitilar. Shi ya sa na sayo waɗancan, manya ne, in sauya su ɗaya bayan ɗaya. Na'urar wutar ce ba za ta iya ɗaukar su ba, ita na fita nema jiya."

Sufeto ya dubi inda ya nuna. Sababbin faifai a jere kan tebur, ko ledarsu ba a yaga ba, ga kyamara a gefensu. Ɓarawon da ya tsallake waɗannan ya ɗauki tsohon faifai ba abin sayarwa ya zo nema ba.

"Wa ya san ɗaya ya mutu?"

"Ba kowa."

"Ko matarka?"

"Sufeto, shekaru ina cika baki cewa akwatina ko an zare masa faifai ɗaya ba abin da zai ɓace. Duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidan nan ya ji wannan lacca. Da wane baki zan ce ya fara lalacewa?"

A gefen akwatin akwai murfin gwangwani, an jera ƙananan notuna huɗu a ciki, kowanne kansa a sama.

"Kai ka jera su?"

"A'a. Amma haka nake yi."

Sufeto ya daɗe yana kallon murfin nan. Sannan ya tambayi wa yake zargi, Injiniya ya ce Mai Shago, wanda ke sayar masa da kayan kwamfuta, domin ya taɓa zuwa duba akwatin.

Maman Auta tana kicin, tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

"Mama, jiya da maigida ya fita, wa ya zo?"

"Ba kowa, yallaɓai. Wa ke zuwa gidan nan yanzu?"

"Makullin ɗakin fa?"

"Nasa na aljihunsa. Nawa na rataye a can, ban taɓa shi ba. Ni ina ruwana da ɗakin? Tun da ta rasu shi kaɗai ke shiga, ya rufe ƙofa, sai dai in jiyo dariyarta ta bango."

Ta faɗi wannan ba tare da ta ɗaga kai ba, ya kuma shiga ran Sufeto fiye da yadda ya so.

"Auta ta bar 'ya'ya?"

"Yarinya ɗaya. Tana wurin ubanta. Maigida ya hana shi taka gidan nan, to ita ma ba a kawo ta."

A kan kwandon shanya kwanuka akwai wani ɗan kofin roba ruwan hoda, mai hannu biyu. Sauran kayan yara da Sufeto ya hango a saman kabad duk sun yi ƙura, wannan kuwa fes yake. Maman Auta ta ga inda idonsa ya tsaya, ta ɗora tukunyar a kan kofin. Ya yi mata godiya ya fita.

Shagon kayan kwamfuta na cikin wani layi mai cunkoso, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinki. Mai Shago na hango kakin Kofur ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi komai ba.

"Ka san gidan Injiniya?"

"Ni? Ko layinsu ban sani ba, ranka ya daɗe. Nan yake zuwa ya saya ya tafi."

"Shi kuwa ya ce ka sha shayi a ɗakin akwatin."

"To... sau ɗaya ne. Na manta."

"Wanda ya manta gida yakan manta faifan da ya ɗauko a ciki. Kofur, rufe shagon."

"Tsaya, ranka ya daɗe, tsaya!" Mai Shago ya tare ƙofa. "Wallahi zan faɗi gaskiya. Akwai faifai ɗaya a akwatinsa, na hannu ne, na goge shi na sayar masa a matsayin sabo. Na ɗauka shi ya kawo ku. Amma sata, Allah ya kiyaye. Me zan yi da faifai ɗaya daga irin wannan akwati? Ai shi kaɗai ba ya karantuwa, kamar ka yago tsakiyar kowane shafi na littafi ne."

"Wannan maganar za mu dawo kanta. Jiya ko yau, akwai wanda ya kawo maka tsohon faifai?"

"Babu. Sai dai jiya da rana wani ya sayi mazaunin da ake dasa babban faifai a haɗa shi da laftof. Na tambaye shi wane irin faifai ne, ya ce na gida ne kawai. Sauri yake yi."

"Yaya kamanninsa?"

"Matashi, mai tabarau. Yana dogara sanda, ƙafar hagu. Da wata 'yar yarinya a hannunsa."

A mota Kofur ya ce, "Yallaɓai, ashe ta kwana gidan sauƙi." Sufeto kuwa bai ga sauƙin ba. Abin da ke ransa shi ne mutumin ya kwana da faifan da mazauninsa, kuma bai san abin da ke hannunsa ba. Ya ce wa Kofur ya taka mota.

Mijin Auta malamin makaranta ne, yana zaune a ɗaki biyu a saman bene. Sun same shi da tulin takardun jarrabawa a gabansa, jan biro a hannu, amma ko ɗaya bai duba ba. Sandarsa na jingine da tebur. 'Yarsa na barci a doguwar kujera, babban yatsa a baki.

"Yaushe rabonka da gidan surukinka?"

"Tun bayan rasuwa."

"Yarinyar fa?"

"Ita ma."

"To wa ya sha ruwa jiya da kofinta mai hannu biyu?"

Malamin ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Ban san abin da kake nufi ba."

Kofur ya ɗaga tulin takardun. A ƙarƙashi akwai wani ɗan kwali, da tambarin shagon da suka baro a jiki.

"Malam," in ji Sufeto, ya rage murya saboda mai barci, "wanda ya zare faifan nan ya kashe akwatin yadda ya kamata, ya jera notuna a murfin gwangwani. A wurin mutum ɗaya ake koyon wannan."

Malamin ya dubi 'yarsa. Sannan ya jawo aljihun tebur, ya fito da faifan a naɗe cikin ƙaramin tawul, ya ajiye shi a hankali.

"Ni na riƙe masa tocila ranar da ya haɗa akwatin," ya ce. "Lokacin ɗana yake kirana."

"Me ya kai ka?"

"Ita." Ya nuna yarinyar da haɓa. "Ta tambaye ni yadda muryar mamanta take. Na gwada kwaikwaya mata, ta yi dariya ta ce wannan ai kai ne. Yallaɓai, ko hotonta ɗaya mai motsi ba ni da shi. Komai can muke turawa mu goge a waya, haka Baba ya tsara mana. Bayan hatsarin ya canza kalmar sirri. Na roƙe shi kwafi, na tura manya suka roƙe shi. Ya ce wanda ya kashe ta ba zai ƙara ganin ta ba."

"Sai surukarka ta kira ka."

"Kada ku saka Mama a ciki. Makulli kawai ta ba ni in kwafa a filashi, tana can tana wasa da jikarta. Na gwada kalmar da na sani, ta ƙi. Sai na tuna abin da yake faɗa kullum, ko an zare ɗaya ba abin da zai ɓace. Na ce in ari ɗaya, ko kashi ɗaya cikin huɗu na samu ya ishe mu, in kwafa in mayar."

Sufeto ya matso kusa. "Ka haɗa shi da laftof?"

"Na haɗa. Ta ce ba ta gane shi ba, sai an yi masa fomatin kafin ya buɗe. Na ɗauka shirya shi za ta yi. Ta ba ni zaɓi, na gaggawa ko cikakke. Na ce aikin Auta ba a yi masa gaggawa." Ya dubi faifan. "Wani ɗan layi ya fara cika a allo, a hankali, a hankali. Muka zauna ni da ita muna kallo. Na ce mata idan ya kai ƙarshe za ki ga Mama. Ta ƙi cin abinci don kada ya cika ba ta nan, har barci ya sace ta. Da safe ya cika, na buɗe, wayam."

Ko Sufeto da bai iya sarrafa wayarsa ba ya san mene ne fomatin. Ya taɓa kai tasa gyara aka yi mata, ta dawo ba ko lamba ɗaya.

"Na san na yi laifi," in ji malamin. "Kunya ce ta hana ni mayarwa. Amma ai ukun na nan, ko? Baba zai saka sabo, komai ya dawo. Ni dai ku ce masa ya yafe mini, ba zan ƙara roƙonsa komai ba."

A tsawon aikinsa Sufeto ya sha ƙwanƙwasa ƙofa ya sanar da mutuwa, amma bai taɓa jin nauyin baki irin na yau ba. Da zai iya ɗora wa Kofur da ya ɗora.

"Ukun ba sa nan, Malam. Ɗaya ya riga ya mutu kafin ka zo. Ya rufe fitilar da salatif, bai gaya wa kowa ba."

Malamin ya kalle shi kamar bai ji Hausa ba. Sai ya kife kansa a kan takardun ɗalibansa, kafaɗunsa na rawa, yana danne kukan da hannu don kada ya tashi yarinyar.

Suka bar ta wurin maƙwabciya, suka sauko da shi a hankali saboda ƙafar.

Injiniya da matarsa na jira a ofishin Sufeto. Da ya ga tawul ɗin, dattijon ya miƙe kamar yaro, ya karɓi faifan da hannu biyu, ya juya shi, ya duba haƙoransa, har fuskarsa ta fara washewa. Sai ya ga wanda ke bayan Kofur.

"Kai ne? Bai ishe ka ba?"

"Baba..."

"Kada ka Baba ni! Ka haɗa shi da wani abu?"

"Na yi masa fomatin, Baba."

Injiniya ya dafa tebur.

"Na gaggawa ko cikakke?"

"Cikakke."

Dattijon ya koma kujera ya zauna. Bai yi ihu ba, bai yi zagi ba, kuma da ya yi da ya fi wa kowa sauƙi. Sufeto ya tambaya ko akwai ƙwararrun da za su iya ceto wani abu, ko daga wanda ya mutun. Injiniya ya girgiza kai. Na gaggawa suna kawai yake sharewa, in ji shi, cikakke kuwa bi yake yi lungu-lungu ya shafe komai. Wanda ya mutun kuma tuni ya buɗe shi ya gani, cikinsa ya karce.

"Ni na ba shi makullin," in ji Maman Auta. Wannan karon ta ɗaga kai. "Idan kulle mutum za a yi, a haɗa da ni. Yaron nan ya durƙusa maka a tsakar gida da karyayyiyar ƙafa, kwafi kawai yake roƙo. Kai ne kake koya wa mutane cewa ajiya ɗaya ba ajiya ba ce. Da ka ba shi, da yau tana gidansa, da mun je mun ɗauko ta."

Injiniya bai musa ba. Hawaye na bin gemunsa suna ɗiga a kan faifan, yana share su da babban yatsa.

Sufeto ya yi gyaran murya. "Baba, ƙara taka ce. Za ka janye, ko mu ci gaba?"

Kamar da bango yake magana. Ya jira, ya sake tambaya, shiru. Doka kuwa ba ta san shiru ba, an kawo ƙarar sata, an kama wanda ya amsa laifi. Ya yi wa Kofur alama ya kai malamin ya rubuta bayani. Kofur ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya dubi sandar, ya fasa, ya kama shi a gwiwar hannu.

Sun kai bakin ƙofa Injiniya ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Wanne ka so ka nuna mata?"

Malamin ya tsaya. "Wanda take yi mata wanka a baho, yarinyar ta watsa mata ruwa a fuska."

"Na san shi. Kullum sai na kalle shi." Ya lumshe ido. "Ta yi dariya, ta share fuska, ta juyo ta kalli mai ɗauka ta ce wani abu. Me ta ce?"

"Na manta, Baba. Shi ya sa na zo."

Kofur ya ja shi suka fita.

Injiniya ya zauna leɓɓansa na motsi, yana laluben maganar da ya ji sau ba adadi, ya kamo farkonta ta suɓuce. Ya juya wurin matarsa.

"Ke fa? Me ta ce?"

"Ta bango nake ji," in ji ta. "Dariyar kawai ke fitowa."